Kwanon da Aka Ware wa Baba Loko

Ban taɓa mantawa da ranar da aikin asibiti ya biyo ni har ƙofar gida, ya zauna kusa da ni a kan tabarma, ya hana ni jin daɗin tuwo ba. Ku da kuka shigo ɗakin gwaji a bayanmu kun sha jin ina faɗa a kan riƙe baki, har wasunku suna cewa Malam Isiyaku ya cika tsanani. To, yau ku saurari dalili. Ranar da watan duk suna nan a rubuce a wurina, amma ba zan ambace su ba. Ya isa ku sani cewa da damina ne, a shekarun da gwajin ƙanjamau ya fara yawaita a asibitocin Minna, lokacin da mutane suka fi tsoron sunan cutar a kan cutar kanta. Mai labarin da bakinsa ya ba ni izinin bayar da shi, sunan da zan kira shi da shi kuma ba nasa ba ne.

A lokacin ina babban jami'in gwaji, ina riƙe da sashen ƙwayoyin cuta. Saboda waɗanda ba ma'aikatan asibiti ba, bari in fayyace: ni ba likita ba ne, ko da yake unguwarmu kaf haka take kirana, na gyara har na gaji. Likita shi ke duba mara lafiya, ya faɗi abin da yake so a bincika. Mu kuma mu karɓi jini, ko fitsari, ko abin da aka shafo da auduga, mu shafa a ɗan gilashi, mu rina, mu duba a madubin da ke ƙara girman ƙwayoyin cuta. Wani kuma mu shuka shi a faranti, mu sa a akwatin ɗumi, mu ga abin da zai tsiro. Daga nan mu rubuta abin da muka gani, ba abin da muke zato ba.

A layinmu na Tudun Fulani akwai ciyayya. Da an sallame magariba sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan dattijon layin, kowane magidanci a fito masa da kwanonsa, a jera, a riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya ana ci tare. Wanda aka yi wa tuwon shinkafa da wanda aka daka wa sakwara, duk hannu ɗaya ne, ba a kuma tambayar kwanon wa ya fi nama.

Dattijon shi ne Baba Loko, tsohon direban jirgin ƙasa. Kakansa Bakatsine ne da aikin shimfiɗa layin dogo ya kawo shi Minna, ya zauna. Baba mutum ne mai tsafta da son ado, abin alfaharinsa kuwa haƙoransa ne. Ya haura saba'in, amma suna nan jere reras, farare tas, babu giɓi ko ɗaya. Ba ya cin goro, wai yana ɓata baki, kullum kuma da aswaki a aljihunsa. Abokin wasansa shi ne Alhaji Ndagi, Banufe mai sayar da shinkafa a kasuwa, wanda haƙoransa na gaba suka daɗe da yin ritaya. Kun san tsakanin Bakatsine da Banufe babu gaisuwar mutunci.

"Wawulo, miƙo kwanon nan," haka Baba kan ce. "Ko iskar da ke shiga ta giɓin ta riga ta ƙosar da kai?"

"Ku ji bawa," in ji Ndagi. "Kakanka a kan jaki ya zo garin nan, mu muka ara masa tabarma. Haƙori dukiya ne? Akuya ma yana da shi."

"Na ƙasa kawai take da su. 'Yar'uwarka ce."

Haka ake yi kullum, har in ɗayansu bai fito ba tuwon ba ya shiga.

A farkon daminar nan sai Baba ya fara kauce wa yaji. Daga nan ya fara kauce wa duk abin da ke da zafi, ya koma gutsurar tuwo ba miya. Gefen bakinsa ya tsattsage, babbar riga ta fara rataye a kafaɗunsa kamar an shanya ta. Na tambaye shi, ya ce zafi ne ya fito masa, yana shan magani. Da na matsa, ya zaro mini kafso mai ja da rawaya daga aljihu, irin wanda kemis ke yanka wa mutum ba takardar likita. Ya shanye kati ya sake saye, bai san iyakar sau nawa ba. Na ce masa ya bari, ya zo asibiti. Ya ce to, irin "to" ɗin da dattijo kan yi wa yaro.

Wata safiya Dakta Rifkatu, likitar haƙorinmu, ta aiko a kira ni in ɗebi samfur da kaina. 'Yar kudancin Kaduna ce, 'yar ƙarama, amma ba ta maimaita magana. Ina shiga ɗakinta sai ga Baba Loko a kishingiɗe a kujerar duba haƙori. Yana ganina ya rufe baki kamar an sa masa kwaɗo.

"Likita, a kira wani," ya ce ta tsakanin leɓɓa. "Wannan ɗana ne, kwano ɗaya muke ci."

"Baba, shi ne mai sashen. In ka ƙi shi, sai dai ka tafi wani gari. Cire su in ga ƙarƙashi."

"In cire me?"

"Haƙoran sama."

"Subhanallahi! 'Yata, haka aka koya muku a makaranta? Mutum ya cire abin da Allah ya dasa?"

"Baba, na daɗe ina kallon abin da Allah ya dasa. Ban taɓa ganin ya dasa shi a kan roba mai ruwan hoda ba."

Baba ya dubi ƙofa, ya dubi taga. Ya ce a rufe tagar, na rufe. Ya ce a ja labule, na ja. Sannan ya sa babban yatsa a baki, ya zaro haƙoran sama gaba ɗaya, ya riƙe a tafin hannu kamar wanda aka kama da kayan wani. Nan take leɓensa ya lotsa, mutumin da na sani ya ƙara shekara ashirin a gabana. Ashe tun yana saurayi, yana mai zuba gawayi a jirgi, wani ƙarfe ya buge shi a baki. Aka yi masa na roba a Kaduna tun kafin ya yi aure. Sau ɗaya ya sake su, ya ce da gida zai je ta'aziyya. Ban da ɗan lokacin da yakan kulle kansa a bayi ya ɗauraye su da ruwa, ba su taɓa barin bakinsa ba, da su yake kwana, da su yake tashi.

Ganɗarsa, inda robar ke zama, ta yi ja jawur kamar ɗanyen nama. A harshe da cikin kumatu akwai fari-fari kamar kindirmo. Cikin robar kuwa wani yauƙi ne ya lulluɓe shi.

"Isiyaku," in ji Baba, "rantse."

"Baba, ba sai na rantse ba. Na riga na ɗauki alkawarin tun ranar da aka ba ni aikin nan. Abin da na gani a ɗakin nan, a ɗakin nan zai kwana."

Na shafo ganɗar da auduga, na shafo gefen bakin, na shafo cikin robar, kowanne daban. Dakta kuma, bayan ta yi masa bayani ya amince, ta sa a gwada jininsa na suga da na ƙanjamau, domin duka biyun suna iya kawo irin wannan farin a baki. Wannan ita ce ƙa'ida, ta kuma yi daidai. Duka gwaje-gwajen biyu suka fito lafiya lau.

Abin da na gani a madubi shi ya sa, ranar da Baba ya dawo karɓar sakamako, na roƙi Dakta ta bari in shigo da shi ɗakin gwaji ya gani da idonsa. Dattijon da ya yi shekaru yana tuƙa jirgi ba ya yarda da inji sai ya leƙa cikinsa.

Ga bayanin da na yi masa, shi nake so ku riƙe. Akwai wani nau'in yis, ɗan'uwan wanda ake kumbura burodi da shi, muna kiransa kandida. Yana zaune a bakin mutane da yawa masu lafiya, ba ya cutar da kowa. Abin da ke hana shi miƙe ƙafa shi ne maƙwabta, wato bakteriyar da ita ma ke zaune a bakin tun muna jarirai. Su suka cika fili, su ke cinye abincin, ga miyau yana wanke wurin dare da rana. Yis yana nan a ɗan lungunsa, ba shi da ta cewa. Kafson da Baba ya yi ta sha ba ya taɓa yis ko kaɗan, bakteriya yake kashewa, kuma masu sauƙin hali su suka fi mutuwa, masu taurin kai su rage. Fili ya buɗe. Ita kuma roba, ko da ido yana ganinta sumul, cike take da ƙananan ramuka, ƙarƙashinta ga ɗumi, ga danshi, ga guntun abinci, miyau ba ya kaiwa. Sai yis ya sauya kama, ya daina zama ƙwaya-ƙwaya, ya fara fitar da dogayen zare yana kutsawa cikin fata. Bakteriyar da ta tsira sai ta manne a jikin zaren nan, ya kai ta inda ita kaɗai ba za ta iya shiga ba. Su biyun su haɗu su gina yauƙin da ke rufe su, wanda magani ke wahalar ratsawa, abin da ɗaya ya fitar ɗaya ya amfana da shi. Tsagar gefen bakin ma aikin haɗin gwiwa ne: yis ya jiƙa fata ya fasa, bakteriya ta shiga ta hana ta warkewa.

Na daidaita masa madubin, ya cire hula, ya rufe ido ɗaya ya leƙa. A ciki akwai ƙwayoyin yis da rini ya mayar shunayya, wasu kowanne da ɗansa a goye, ga zare ya ratsa ko'ina, ga ƙananan ɗigo-ɗigo sun yi cincirindo a jikinsa. Baba ya daɗe bai ɗago ba.

"Isiyaku, wannan ai tasha ce," ya ce. "Ga layi an shimfiɗa, ga taragai sun hau. Har da mahaɗa! Wa ya ba su izinin wannan aiki a bakina?"

"Kai, Baba. Kai ka ba su fili, ka kuma sallami masu gadi da kafso."

"To, a tayar da tashar."

Dakta ta rubuta masa maganin yis na ɗigawa a baki da man shafawa a gefen leɓe, ta hana shi kafso, ta ce robar ta tsufa ta yi sako-sako, za a auna masa sabuwa. Amma ta ce duk wannan aikin banza ne in bai cika sharaɗi ɗaya ba: kullum kafin ya kwanta ya cire haƙoran, ya goge su da buroshi da sabulu, ya jiƙa su a kofi har safe, ganɗa ta sha iska.

"Har safe? Hajiya fa?" in ji Baba, yana nufin matarsa.

"Baba, ko kofi, ko kunu har ƙarshen rayuwa. Zaɓi ɗaya."

Da a nan maganar ta tsaya, da ba ni da labarin ba ku. Amma a asibitinmu a lokacin benci ɗaya ne a ƙofar ɗakin gwaji, kowa a kansa yake jira, mai zazzaɓi da mai ciki da mai suga. Sai dai yana fuskantar ƙofar ɗakin da ake ba masu gwajin ƙanjamau shawara, don haka mutanen gari suka raɗa masa sunan cutar. Wani ɗan layinmu ya ga Baba a kan bencin da auduga a gwiwar hannu. Ban nemi sanin ko wane ne ba, domin da na sani da ban iya gaishe shi ba. Aka haɗa benci da rama da farin baki, aka yanke hukunci.

Ranar da nake ba ku labari, na fito ciyayya sai na tarar da wani sabon ɗan kwano a gefen Baba, da cokali a kai, da kofin ruwa nasa shi kaɗai. Wanda ya kawo ya ce, cikin ladabi, saboda bakin Baba ne, kada yaji ya dame shi. Duk kwanon da aka buɗe sai a ɗebar masa da cokali a zuba a nasa, sannan sauran su sa hannu. Baba ya ce ya gode. Sai Ndagi ya gyara zama ya ce, da murya ƙasa-ƙasa:

"Sannu, Alhaji. Yaya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi."

Tunda na zo layin ban taɓa jin ya kira shi Alhaji ba.

Raina ya ɓaci matuƙa. Ga amsar a bakina, kalma uku za ta kashe maganar, amma ba tawa ba ce. Sai na faɗi abin da nake da ikon faɗa. Na ce, jama'a, ina ganin na san abin da ake tunani, to ku sani cutar nan ba a ɗaukarta a kwano, ba a ɗaukarta a kofi, ba a ɗaukarta a musafaha, ware wa mutum kwano kuwa jahilci ne da zalunci. Gaskiya na faɗa, gobe ma ita zan faɗa. Amma kafin gari ya waye magana ta zagaya cewa likita da kansa ya tabbatar, domin ma'aikacin asibiti ba zai yi wannan wa'azi ba sai da dalili. Na koma ina ci a kwanon Baba don su gani. Sai aka ce ai su ma'aikata akwai allurar da ake yi musu a ɓoye.

Na je wurin shugaban ɗakin gwajin baki ɗaya a kan maganar bencin. Na ce, "Ranka ya daɗe, bencin nan yana yanke wa mutane hukunci tun kafin mu duba jininsu."

"Malam Isiyaku, benci katako ne."

"Katako ne, ranka ya daɗe, amma yana da suna a gari."

Ya yi dariya, ya ce in sa a rubuce. Na sa a rubuce, na sake sawa, har ya gaji da ganina. Daga baya aka mayar da masu jira babbar baranda tare da kowa. Amma wannan bai amfani Baba da komai ba, aikin gama ya riga ya gama.

Na same shi a zaurensa na ce ya nuna musu takardar sakamakon.

"Takarda? Su ce ɗana ne ya rubuta mini? In ma sun yarda, sai su ce to mene ne a bakin. In ce musu me?" Sannan ya ce, "Isiyaku, wallahi ba kwanon ne ya dame ni ba. Banufen nan ne. Jiya da za mu fito masallaci har takalmi ya juya mini. Mutumin da abokin wasansa ya fara girmama shi, ai likkafani kawai ya rage masa."

Na tambaye shi ko yana cika sharaɗin Dakta. Sai ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ya ce ya yi kwanaki yana juya maganar, ya rasa ta inda zai fara, sai wata rana ya ce da Hajiya ta ba shi kofi, zai ajiye wani magani. Ta shiga ɗaki ta fito da kofi mai murfi ta miƙa masa, ta ce, "Wannan zai ɗauke su, bakinsa da faɗi."

"Na ce mata, ɗauke me? Ta ce, Alhaji, mutumin da in zai yi atishawa sai ya dafe baki da hannu biyu? Tun muna gidan ma'aikatan jirgi na sani. Na ce, to me ya hana ki magana? Ta ce, na ga kana so kada in sani, shi ya sa ban sani ba."

Muka yi dariya har ya dafe bakin da hannu biyu.

Da kofi da magani, baki ya fara warkewa. Jan ya dushe, farin ya ɓace, tsagar ta rufe, Baba ya koma neman yaji. Na sake shafo ganɗar na duba: zaren ya watse, sai ɗaiɗaikun ƙwayoyi, maƙwabta kuma sun fara dawowa. Na ɗauka ganin ya murmure zai wanke shi. Ina! Sai aka ce ai yanzu akwai magungunan da ke tayar da mai cutar ya yi ƙiba, ka ga asibiti sun sa shi a kansu ke nan. Ɗan kwanon bai motsa daga inda yake ba. Nan na gane cewa ba rama suke tsoro ba, labarin da suka riga suka ƙulla suke karewa.

Wata ranar Juma'a aka kawo farfesun kayan ciki daga gidan Ndagi. Ya sa cokali ya tsamo hanta, ya kai ɗan kwanon da hannu biyu.

"Alhaji, ga hanta. Mai laushi ne, ba zai wahalar da kai ba."

Baba ya dubi hantar, ya dubi Ndagi. Ya jawo buta ya wanke hannu a natse, ya yi bisimilla. Sai ya sa babban yatsa a baki, ya zaro haƙoran, ya kifa murfin kwano, ya ɗora su a kai a tsakiyar tabarma, suna yi wa kowa murmushi.

"Ga ciwon nan," ya ce, iska na fita ta ko'ina. "Ku gaishe shi."

Wani ya yi salati. Wani da ya kai loma baki ya manta da ita a can. Ndagi ya sunkuya ya leƙa haƙoran, ya ɗago ya leƙa bakin Baba, ya sake leƙa haƙoran.

"Roba?" ya ce.

"Roba."

"Tun yaushe?"

"Tun kana yawo ba wando."

Ndagi ya miƙe tsaye, ya cire hula ya buga a ƙasa. "Jama'a, ku shaida! Tun muna samari mutumin nan yana ce mini wawulo! Ni guda huɗu na rasa, sauran nawa ne, uwata ya ba ni. Shi kuwa duk bakinsa na kanti ne! Ɓarawon Bakatsine! Ni kuma ina can ina kuka a ɗaki, ina cewa wa zan zaga in ya mutu!"

"Ka yi kuka?" in ji Baba.

"Albasa ne!"

Dariyar da aka yi a wurin nan, har mata suka leƙo ta katanga. Da ta lafa sai Baba ya juyo gare ni ya ce, "Isiyaku, na sake ka. Gaya musu abin da ka gani."

Na gaya musu, daga kafso zuwa roba, daga yis zuwa bakteriya, Baba yana katse ni yana gyara mini bayanin layi da taragai. Biyu daga cikinsu suka laluba aljihu suka taɓa nasu kafson, suka yi kamar suna neman carbi. Na kuma maimaita maganata ta farko, ban rage ko harafi ba: da ma a ce cutar ce, ware kwanon nan kuskure ne. Wanda ya kawo kwanon ya ce a hankali, zato zunubi ne, Baba ya yafe masa. Ndagi bai jira amsa ba, ya ɗauki ɗan kwanon ya juye shi cikin babban, da hantar da komai.

"Bawa ba ya ci shi kaɗai," ya ce, "kada ya saba."

Na hana Baba mayar da haƙoran sai da aka wanke su da sabulu, domin murfin kwano ba wurin ajiyarsu ba ne. Ya ce ko a ranar ƙiyama sai na kawo ƙa'ida. Daren nan da dasashi ya ci hantar, hannunsa da na Ndagi suna karo a kwano ɗaya.

Abin da wannan ya koya mini a kan aikinmu shi ne, da farko, kada ku duba gilashi ku rubuta sunan ƙwaya ɗaya ku tashi. Ku duba da wa take zaune, ku tambayi abin da aka sha da abin da aka sa a baki, domin sau da yawa ciwo ba aikin ƙwaya ɗaya ba ne, zaman maƙwabta ne ya lalace. Na biyun ya fi nauyi. Sakamako na mara lafiya ne, ba na wanda ya duba madubi ba, ko da faɗinsa zai cece shi. Na zauna a tabarmar nan ina haɗiye maganar da za ta wanke dattijon da nake ƙauna, ya fi mini wuya a kan duk jarrabawar da na taɓa zaunawa. Da na faɗa, da na fitar da shi daga kunya ɗaya na jefa shi a wata, ba da yardarsa ba. Da ya faɗa da kansa, sai ta zama abin dariyar da shi ke jan ragamarta.

Kuma ku tuna, Baba Loko ya yi sa'a, yana da abin da zai zaro ya ajiye a gaban jama'a magana ta mutu. Da yawa daga cikin waɗanda jininsu zai biyo ta hannunku ba su da shi. Maƙwabtanku ne, wasu a sahu ɗaya kuke salla, wasu a coci ɗaya kuke waƙa, za su kuma dubi fuskarku da yamma su ga ko kun sauya musu. Ku gaishe su yadda kuka saba, mai tsokana ya ci gaba da tsokanarsa, ku sa hannu a kwanon, ku yi shiru.